Safiya Guda da Ɗalibai a Marinar Ƙofar Mata

Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma a zangon da ya wuce makarantarmu ta shirya da marinan Ƙofar Mata da ke Kano su karɓi ɗalibanmu, su nuna musu sana'ar rini tun daga haɗa ruwan baba har zuwa bugu. An ce an kafa wannan marina tun shekarar 1498, kuma har yau da ganyen baba da toka ake aiki a cikin ramukanta.

Dattijon da ya karɓe mu bai tsaya dogon bayani ba. Ya zaunar da yaran a bakin rami, ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗago shi yana kore-kore, sannan ya riƙe shi a iska har ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsu. Na sha zana wannan sauyi a kan allo, ina bayyana yadda iskar oksijin ke juya sinadarin baba ya kama zare, amma sai ranar na ji yara da kansu suna tambayar dalili. Ya kuma nuna musu cewa duhun launi yana zuwa ne daga yawan tsomawa da shanyawa, abin da ya sa rini ba ya son gaggawa. Haƙurinsa da tambayoyin yara ya burge ni ƙwarai, domin ko wadda aka maimaita sau uku bai ƙi amsa ta ba.

Wajen masu bugu, inda ake dukan yadi da guduman itace har ya yi sheƙi, mun wuce da sauri saboda lokaci ya ƙure. Laifin namu ne: mun kawo yara da yawa a lokaci guda, kuma awa biyu kacal muka ware, don haka kaɗan ne suka samu damar ɗaure ƙyalle da hannunsu, wato ɗaurin da ake yi kafin rini don ya fitar da ado.

Makarantar da za ta je ta raba ɗalibai ƙananan rukuni, ta sa su tsofaffin tufafi, ta kuma daidaita kuɗin koyarwa da marinan tun kafin ranar, domin aikinsu suke ajiyewa su koyar. Mu dai mun riga mun nemi dattijon ya zo ajinmu a zango mai zuwa.