Takomitar da na saya wa ɗalibaina na fiziks

Wata uku ke nan da na sayi takomita, ƙaramar na'urar auna juyi, a wani shago a Sabon Garin Zariya. Ana manna farar takarda mai ƙyalli a jikin abin da ke juyawa, a haska mata jan haske, sai ta nuna juyi nawa ake yi a minti guda.

Na kifar da kekena a gaban aji, na murza feda har na'urar ta nuna 120. Juyi 2 ke nan a daƙiƙa, wato radiyan (ma'aunin kusurwa) 12.6 a daƙiƙa. Daga gatari, wato ƙarfen tsakiya da tayar ke juyawa a kai, zuwa bakin tayar mita 0.33 ne, don haka bakin yana gudun kusan mita 4 a daƙiƙa, tsakiyar sifok (wayar taya) kuwa rabin haka, alhali juyinsu ɗaya.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne da na sauya alkiblar juyin tayar, ta koma juyawa da baya. Lambar ba ta canza ba! Nan yaran suka gane sauri kawai take aunawa, ba ruwanta da alkibla, belositi kuwa sauri ne haɗe da alkibla. Na sa suka naɗe yatsun hannun dama yadda tayar ke juyawa, babban yatsa ya nuna musu alkiblar belositin juyi a kan layin gatari. Shekaru ina zana wannan a allo bai zauna ba.

Aibin na'urar, a cikin rana lambobin rawa suke yi, sai an koma inuwa. Duk malamin da ke koyar da juyi, ina ba shi shawara ya nemi tasa.