Shagon turi a Tudun Wada da labarin Navalny

Jikana ne ya kai ni wani ɗan shagon tura fina-finai a Tudun Wada, don ya gaji da jin ƙorafina cewa idona ba ya iya bin rubutun Turancin nan da ke gudu a ƙasan bidiyo. Yaron shagon da kansa yake ɗora muryar Hausa a kan shirye-shiryen ƙasashen waje. Na ce ina son na Alexei Navalny, ɗan adawar Rasha. Ya ce, "Baba, kawo memori." Naira 500, kafin in shanye ruwan leda ya gama.

Sauti dai fes, ba ƙarar janareta a bayan muryarsa. Kuma bai yi wasa da kwanan wata ba: gubar Novichok da aka sa wa Navalny ranar 20 ga Agusta 2020, jirgin da ya ɗauko shi daga Tomsk ya yi saukar gaggawa a Omsk, jinya a Berlin, komawa gida a 17 ga Janairu 2021 aka cafke shi tun a filin jirgi, har mutuwarsa a kurkukun Kharp ranar 16 ga Fabrairu 2024 yana da shekara 47. Inda ya fi gwaninta shi ne wurin da Navalny ya yi shigar burtu, ya buga wa wani jami'in FSB, hukumar tsaron cikin gida ta Rasha, waya, mutumin ya saki baki cewa a kamfai aka shafa gubar. Hukumar ta ƙaryata, yaron kuma ya ambaci hakan. Yadda yake sauya murya a wurin nan, sai da uwargida ta ajiye tsintar shinkafa ta matso.

Sai dai yaron ya mai da Navalny jarumin fim, Putin kuma "bos". Navalny lauya ne. Ya fara ne da sayen 'yan ƙananan hannayen jari a kamfanoni irin su Rosneft da Transneft, don ya samu damar cewa a nuna masa takardu. Daga nan ya koma bin kwangilolin gwamnati ɗaya bayan ɗaya, ya kafa gidauniyar yaƙi da rashawa a 2011. Duk wannan a minti ɗaya yaron ya tsallake shi. Ni da na shekara 28 ina aikin akanta, na san a cikin baucan biyan kuɗi ake kama ɓarawon biro, kuma abin da na biya kuɗina in ji ke nan.

Na koma na gaya masa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, masu saye faɗa suke so, ba lissafi ba." Amma ya yi alkawarin sake fassarar ɓangaren idan na kawo masa mutum goma. A majalisarmu ta bayan la'asar na samu huɗu, biyu a cikinsu suna jira a biya fansho.