Gargaɗi ga masu rumbun ajiyar bayanai a gida: akwai mai sayar da tsofaffin faya-fayai da sunan sababbi a Maraɗi

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga duk wanda yake da na'urar ajiyar bayanai a gidansa ko a shagonsa a nan Maraɗi da kewaye, wato ƙaramin akwatin nan da ake kira NAS, wanda ake jona shi da wayfai domin kwamfutoci da wayoyin gida su riƙa zuba hotuna da takardu a rumbu ɗaya. Akwai wani mutum da yake tallata kansa a zaurukan WhatsApp da kuma Facebook a matsayin injiniya mai gyara waɗannan na'urori da ƙara musu girma, kuma ni ya cuce ni, ya cuci aƙalla mutum biyu da na sani ido da ido. Ban ambaci sunansa ba domin maganar tana hannun ƴan sanda, kuma ko na ambata ba zai amfane ku ba, tunda sunan da ya ba ni daban ne da wanda ya ba sauran, lambar wayarsa ma ba ta daɗewa. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda yake aikinsa, shi ne kuma zan bayyana.

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a wuraren biki da suna da saukar karatu. A shekarar 2021 na sayi na'ura mai ramuka biyu, na sa mata faya-fayan ajiya (hard disk) biyu masu terabayit 4 kowanne (terabayit ma'aunin girman wurin ajiya ne), a tsarin da ake kira RAID 1, inda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ake rubuta irinsa a ɗayan, domin idan ɗaya ya mutu ɗan'uwansa ya riƙe amanar. Ta yi mini aiki lafiya har zafin bazarar da ta wuce, lokacin da ta soma ƙara ba ƙaƙƙautawa, fitilar gabanta ta koma ruwan lemo, ga shi kuma dama ta kusa cika. Na ɗauki hoton saƙon da ta nuna a kwamfuta da wayata, ko da yake ban fahimce shi sosai ba, sannan na kira lambar da na gani a talla.

Ya zo gidana a ranar, da jakar kayan aiki, da ladabi, da magana mai daɗi. Ya duba na ɗan lokaci, ya girgiza kai, ya ce: "Alhaji, Allah ya so ka da ka kira ni yau, domin faya-fayan nan duka biyun sun kusa mutuwa, ba za su kai mako ba." Ya ce yana da sababbi dal na terabayit 8 waɗanda aka kawo masa daga Dubai ta Kano, zai bar mini kowanne a kan jaka 75, wato ƙasa ƙwarai da farashin da aka taɓa faɗa mini a Yamai. Sai ya ƙara da maganar da ita ce ƙashin bayan dukan damfarar: ya ce kwafe bayanai masu yawa haka ba zai yiwu a gidana ba saboda ɗaukewar wuta, dole sai ya tafi da akwatin wurin aikinsa inda yake da janareta. Na biya rabin kuɗin ta waya, ya ɗauki akwatin, bayan kwana uku ya dawo da shi yana aiki, duk hotunana suna ciki, na cika masa sauran. Da na tambayi tsofaffin faya-fayaina ya ce sun mutu a hannunsa bayan ya gama kwafewa, har ya zubar.

Ku ji wannan da kyau, domin daga baya na san cewa ba a buƙatar fitar da na'urar daga ɗaki ko kaɗan. Idan faifai ɗaya ya samu matsala a tsarin RAID 1, ana cire shi ne shi kaɗai, a sa sabo, na'urar da kanta ta kwafe komai daga mai lafiyar zuwa sabon, aikin da kan ɗauki sa'o'i da dama ko yini guda. Idan ana son ƙara girma, sai a jira wannan ya kammala, sannan a canza na biyun, shi ma a jira, daga nan a faɗaɗa wurin ajiyar. Maganin ɗaukewar wuta kuwa batirin riƙe wuta ne da ake kira UPS ko kuma sola, ba ɗauke dukiyar mutum zuwa wurin da bai sani ba. Duk mai gyaran da ya ce sai ya tafi da faya-fayanku, ku tsaya a nan, kada ku ƙara taku ɗaya da shi.

Wata biyu bayan haka na soma jin wani ƙas-ƙas daga cikin akwatin, bidiyo ya riƙa tsayawa idan ina tacewa. Ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma yake da sha'awar harkar kwamfuta, shi ya zauna a kan lamarin kwana biyu. Da farko ya duba bayanan lafiya da kowane faifai yake ajiyewa game da kansa, waɗanda ake kira SMART, inda ake ganin sa'o'in da faifai ya yi a kunne, da yawan gurbin rubutu a jikin faifan da suka lalace aka kauce musu, da waɗanda ake shakkar lafiyarsu. Sa'o'in sun nuna kusan 1,400, daidai da wata biyun da suka yi a hannuna, amma gurbin da suka lalace sun yi yawan da ba a saba gani a sabon faifai ba. Sai ya cire su ya jona a kwamfutarsa, ya yi amfani da manhajar smartmontools, wadda kyauta ce, ya karanta wani kundi na biyu da faya-fayan Seagate na manyan ayyuka suke da shi, mai suna FARM. Ya juyo da fuskar kwamfutar ya ce: "Kawu, dubi nan, wannan ya yi sa'a dubu 31 yana aiki kafin ya shigo gidan nan." Shekara tana da sa'o'i 8,760, ke nan faifan ya yi fiye da shekara uku da rabi yana juyawa dare da rana. Na biyun bai gaza shi da yawa ba. An mayar da agogon waje sifili, an manta da na ciki, kamar yadda ake mayar da lambar kilomita baya a tsohuwar mota kafin a kai ta kasuwa.

Laifin ba na kamfanin da ya ƙera faya-fayan ba ne, shi ma sunansa ake ɓatawa, kuma wannan cuta ba a Maraɗi aka ƙirƙiro ta ba. A farkon shekarar 2025 kafar labaran fasaha ta Heise da ke Jamus ta bankaɗo cewa ana sayar wa mutane faya-fayan Seagate da suka yi dubun-dubatar sa'o'i suna aiki a matsayin sababbi, bayan an goge bayanansu na SMART, kuma kundin FARM ne ya tona asirin. An yi zargin cewa da yawansu sun fito ne daga wuraren haƙar kuɗin intanet na Chia, wanda ya yi tashe a 2021 kuma yake cin faya-fayai masu ɗimbin yawa. Idan har irin wannan kaya ya iya shiga shagunan Turai inda ake da rasit da hukumomin kare masu saye, to ku auna yadda zai shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa a cikin jakar hannu.

Akwai bincike mai sauƙi wanda da na yi shi tun ranar farko da ban biya ko dala ba. Kowane faifai yana da lambarsa ta musamman a jikin takardar da aka manna masa, kuma manyan kamfanoni irin su Seagate da Western Digital suna da shafin duba garanti inda ake shigar da wannan lamba. Da muka shigar da namu, ɗaya garantinsa ya ƙare, ɗayan kuma lambar da ke kan takardar ba ita ce wadda faifan yake faɗa a kwamfuta ba, alamar an sake masa takarda. Sabon faifai yana zuwa a cikin leda mai hana tartsatsin lantarki a rufe ruf, ramukan ƙusoshinsa ba su da ƙarzuwa, ni kuwa ban ga leda ba, domin a cikin akwatin aka kawo mini su. Sai dai kada ku zargi mai gaskiya a kan abu ɗaya: faifan terabayit 8 yakan nuna kimanin 7.27 a kwamfuta, na 4 kuma ya nuna 3.63, wannan bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta, ba sata ba ce.

Da na kira mai gyaran na gaya masa abin da muka gani, sai muryarsa ta canza. Ya ce faya-fayan lafiyarsu ƙalau, matsalar ita ce ban biya kuɗin lasisin shekara ba, jaka 25, kuma idan ban biya ba na'urar za ta kulle kanta. Babu wani lasisin shekara da ake biya domin ajiye kayanka a cikin na'urar da ka saya, manhajar da take tafiyar da ita tare suke zuwa. Amma barazanar tana da tushe, domin yaron ya gano cewa mutumin ya buɗe wa kansa asusun shugaba na biyu, wato asusun mai iko da komai, a cikin na'urar da wani suna mai kama da na kamfani, ya kuma kunna hanyar shigowa daga nesa, ta yadda daga ko'ina yake zai iya leƙa fayilolina, ya canza kalmar sirri, ko ya goge komai. A take muka zare wayar intanet daga jikinta, muka kwashe bayanan zuwa wani faifai na daban, muka share asusunsa, muka canza kalmomin sirri har da na wayfai, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wanda aka riga aka kulle masa kada ya biya: a na'urorin kamfanin Synology, alal misali, danna ƙaramin maɓallin da ke baya na kimanin daƙiƙa 4 har a ji ƙara yana ba da damar sake kalmar sirrin shugaba ba tare da an taɓa bayanai ba, amma a karanta littafin na'urar tukuna, domin maimaita dannawar yana da wani aiki dabam.

Kuɗin da na yi asara ba su ne suke hana ni barci ba. Hoton nan da na ɗauka da wayata ranar farko, da yaron ya karanta shi, ya nuna faifai na biyu ne kaɗai yake da matsala, na farkon lafiyarsa lau. Bayan na ba da labari a majalisarmu, sai wani bawan Allah mai shagon buga takardu a unguwar Zariya ya ce shi ma wannan mutum ya sayar masa da sabon faifai na terabayit 4. Muka je muka duba, sai ga lambar da ke jikinsa ita ce lambar da ke kan rasit ɗina na 2021. Faifaina ne, wanda aka ce ya mutu an zubar. An yi masa gogewar sama-sama kawai, wadda take share jerin sunayen fayiloli ta bar ainihin abin a kwance, kuma da izinin mai shagon yaron ya sa manhajar PhotoRec, mai dawo da fayilolin da aka goge, cikin sa'a guda hotuna suka soma fitowa.

Hotunan amare ne a ɗakunan iyayensu mata, ranar ƙunshi da ranar wankan amarya, wuraren da namiji baƙo ba ya shiga, waɗanda ƙanwata take ɗauka a madadina domin iyalan sun yarda da gidanmu. Akwai hotunan jarirai ranar suna, akwai na tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, akwai katunan shaida da mutane suka kawo a gyara musu. Mutane ba su ba ni waɗannan abubuwa don su yi yawo a kasuwa ba, kuma kowa ya san abin da hoton matar aure guda ɗaya zai iya haddasawa idan ya faɗa hannun marar tsoron Allah a wannan zamani na WhatsApp. Mai shagon mutumin kirki ne, ya mayar mini da faifan na biya shi kuɗinsa. Na biyun, mai matsalar, har yanzu ba a san inda yake ba, alhali faifai mai ƴan gurbin da suka lalace ana iya karanta mafi yawan abin da ke cikinsa.

Saboda haka ina roƙon masu ɗakunan hoto, da masu kemis, da masu makarantu masu zaman kansu, da ƴan kasuwar da suke ajiye lissafinsu a irin wannan na'ura, kada tsohon faifai ya bar hannunku ko an ce ya mutu. A goge shi gogewa cikakkiya wadda take rubuta sifili a kowane gurbi, ko kuma a huda shi da na'urar huda ƙarfe a gaban idonku. Kafin kowane mai gyara ya taɓa akwatin, ku rubuta lambobin faya-fayanku a takarda, ku tabbatar kuna da kwafi na daban a wani wuri, domin RAID yana kare ku ne daga mutuwar faifai, ba ya kare ku daga ɓarawo ko gobara ko kuskuren gogewa. Kalmar sirri kuma ku shigar da hannunku, ku duba jerin asusun bayan ya tafi.

Mu uku mun kai ƙara komisariya da rasit-rasit da saƙonnin tura kuɗi da hotunan binciken, kuma Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun shekarar 2019, wadda ta shafi shiga na'urar wani ba da izininsa ba. Duk wanda ya sayi faifan terabayit 4 daga hannun wani mai talla a Maraɗi, ko Tibiri, ko Madarunfa, ko Tasawa tun daga bazarar da ta wuce, ina roƙonsa don Allah ya daina rubuta komai a kansa, ya kai shi wurin ƴan sanda a gwada lambarsa da wadda na bari a can. Ni kuma ina bin gidajen da na yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya ina sanar da masu gida abin da ya faru, na je goma sha ɗaya zuwa yanzu, gobe in Allah ya kai mu zan shiga unguwar Ali Ɗan Sofo.