EMM386 ko QEMM, wanne za ka saka wa 486 ɗinka

Malam, ka ce direban CD ɗinka ya ƙi hawa sama, kana tambaya ko za ka koma QEMM. EMM386 da QEMM duk manhajojin tsara memori ne a DOS. Tunda DOS 6.22 ce a kan 486 ɗin naka, wato tsohuwar kwamfuta mai farosesa 486, ka tsaya kan EMM386 kawai, yana cikin DOS ɗin, QEMM ba sai ka je nemansa ba.

Matsalar direban CD ɗinka da ya ƙi hawa sama, wato shiga memorin da ke saman 640K, ba rashin fili ba ne. Daga 640K zuwa 1MB akwai 384K, amma katin bidiyo da BIOS sun cinye mafi yawa, ragowar kuma gutsi-gutsi ne, shi kuwa direba ba ya rabuwa biyu sai ya samu gurbi ɗaya da zai ɗauke shi gaba ɗaya, wasu ma lokacin lodi sun fi cin wuri fiye da bayan sun zauna. Buga MEM /F za ka ga girman kowane gurbi.

Ni EMM386 ne a kan tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa injin yankan sitika a shagona, wallahi har yau ina jin daɗinsa. Na sa NOEMS a layin EMM386 ya dawo min da 64K ɗin da ake ware wa EMS, wani nau'in ƙarin memori da wasu manhajoji ke buƙata, na ƙara I=B000-B7FF wato wurin allon baƙi da fari da ba a amfani da shi, 32K kenan, sannan na ɗauko layin babban direba na kai shi farko a CONFIG.SYS, fayil ɗin da DOS ke karantawa lokacin tashi, ƙananan suka biyo baya, ina sake kunnawa kowa ya shige, manhajar da ke kukan memori ta buɗe tas. Jerin nan da hannunka za ka yi shi, MemMaker, manhajar DOS mai tsara memori da kanta, ba ya sauya wanda zai fara lodi. Kar ka manta layin DOS=HIGH,UMB a CONFIG.SYS, in kuma manhajarka na son EMS to RAM za ka rubuta maimakon NOEMS.

QEMM dai gaskiya ya fi tatso fili da Stealth ɗinsa, dabarar ɓoye ROM don a yi amfani da wurinsa, amma wasu direbobi ba sa jituwa da shi, kana ta cire adireshi kana gwaji, don me?

In za ka sayi wata madabod ta ajiya ka yi hattara da masu sayarwa. Duba gefen batiri, in ka ga kore-kore ya zubo ya ci layuka ajiye musu, wasu 486 ɗin ma cache ɗinsu, wato ƙaramin memori mai sauri, na bogi ne tun asali. Sai an kunna a gabanka ka ba da kuɗi. In kuma kwamfutarka ta maƙale bayan gyaran CONFIG.SYS danna F8 lokacin tashi ka bi layi-layi.