Asuransin mota a Maradi: karɓar kuɗi da sauri, biya da jan ƙafa

Shekaru ina sabunta asuransina a ofis guda nan Maradi, har da ƙarin kuɗin da suka ce idan wani ya buge ni, su za su bi mini haƙƙina wurin kamfaninsa. Sai da wata babbar mota ta daki bayan motata a hanyar Ɗan Isa na ga abin da nake saye.

Jandarmomi sun zo sun yi kwansta, sun rubuta ƙarara cewa direban ne ya biyo ni ya buga. Na kai takardu cikin kwana 5 na aiki da kwantiragi ya gindaya. Makanikena ya yi lissafin gyara jaka 420. Ekspar ɗinsu, wato mai ƙiyasta ɓarna, ya zo, ya zagaya motar sau ɗaya, ya rubuta jaka 190. Na ce don me? Ya ce, "Alhaji, motarka ta tsufa, dole a cire kuɗin tsufa." To tsohuwa ce, na yarda, amma da ƙofar but ɗinta da fitilunta lafiya lau na fito gida. Kuma kowa a garin nan ya san daga Katsina ko Kano ake kawo kayan, ya san yadda suka yi tsada. Wane mai shago zai rage mini kuɗin fitila don motata ta tsufa?

Gaskiya, Hajiyar da ke karɓar takardu ta kyauta mini. Ita ta faɗa mini ina da ikon kawo nawa ekspar ya sake dubawa, ita ke kirana ba ni ke kiranta ba. Har na fara ce wa abokai wurin ba laifi.

Sai dosiye ya tafi Yamai. Amsar da ta dawo wai a raba laifi biyu, ni ma na taka birki ba zato. Da kwanstan jandarma a hannunsu! Wannan ya fi maganar kuɗin ƙona mini rai. Mota na ajiye a gareji tana shan ƙura, yara na hawan kabu-kabu zuwa makaranta, kullum sai "a yi haƙuri, Yamai ba su sa hannu ba."

Da na ce zan kai magana kotu ne suka janye batun raba laifin, suka ba da cak na jaka 260. Sauran daga aljihuna ya fito. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, amma in takardata ta ƙare ba zan sabunta a wurinku ba.