Daga kwatabak zuwa koci: ta jami'a ko kai tsaye NFL?

Masu bin ƙwallon Amurka sun dame ni da tambaya, wai kwatabak, wato mai jefa ƙwallon nan, in ya gama wasa a jami'a yana son zama koci, ta ina ya fi, ta jami'a ko ta NFL, wato babbar gasar ƙwararru?

Kliff Kingsbury ta jami'a ya bi. Ya fara daga ƙasa a jami'ar Houston a 2008, zuwa 2013 har an ba shi babban kocin jami'ar Texas Tech inda ya yi wasa, shi ya horar da shahararren kwatabak Patrick Mahomes ma, amma fa aikin jami'a akwai wahala, kullum kana falon iyayen yara kana lallashi su ba ka ɗansu, ƙarshe aka sallame shi a 2018, Arizona Cardinals na NFL suka ɗauke shi a 2019.

Shi ko Kellen Moore na jami'ar Boise State, yana ajiye wasa Dallas Cowboys na NFL suka ba shi kocin kwatabak a 2018, shekara ɗaya ya koma mai tsara hari. Babu yawon neman yara, sai dai in aka kori oga galibi har da kai. Ya ci Super Bowl, wato kofin NFL, yana mai tsara harin Eagles, 2025 Saints suka ba shi babban koci.

In kana da baki da haƙurin yara, jami'a taka ce. Wanda ya san mutane a NFL kuma dabarun wasa kawai ke gabansa, ya bi ta Moore.