Gargaɗi ga masu neman rumfa a baje koli: ku yi hattara da "taron bita" na WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa, musamman mata masu sana'a a cikin gida. Abin da ya sami ƙanwata ne ya sa na zauna rubuta wannan, domin na tabbata ba ita kaɗai aka ɗana wa tarkon ba.

Turaren wuta da humra take haɗawa, tana tallatawa a Instagram. Ta daɗe tana burin samun rumfa a baje kolin ƙasa da ƙasa na Kano, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, KACCIMA, ke shiryawa a filin da ke titin gidan Zoo wajen ƙarshen shekara. Kwatsam sai ga wata sanarwa tana yawo a guruf-guruf, wai za a yi bitar kwana uku ta Zoom ga masu tallata haja, kyauta, kuma duk wanda ya halarta za a sama masa rumfa da rangwame. An ƙawata sanarwar, an manna mata tambura, har da hoton zauren taro cike da jama'a.

Ranar farko ba su nemi ko sisi ba. Darasi suka yi mai amfani: yadda ake ɗaukar hoton kaya da hasken safiya, yadda ake amsa wa mai saye ba tare da an bar shi yana jira ba, yadda ake rubuta farashi a fili. Da daddare ta kira ni tana murna, ta ce, "Yaya, wallahi mutanen nan sun san aikinsu." A nan dabararsu take. Sai sun sayi yardar mutum da abin kirki kafin su miƙa hannu.

Washegari aka fara maganar kuɗin fom, da na takardar shaida, da kafin alƙalami na rumfa. Kowane awa ɗaya sai a rubuto cewa rumfunan sun kusa ƙarewa, wasu kuma su yi ta turo hoton alat suna godiya. Lambar asusun da aka ba ta sunan wani mutum ta nuna, ba sunan wata ƙungiya ba. Da ta tambaya, aka ce, "Hajiya, asusun ofis ne ya samu matsala, ki tura ta na sakatare, lokaci na ƙurewa." Ta tura kuɗin da ta ware don sarin kwalabe da itacen turare.

A rana ta uku batun talla ya ɓace gaba ɗaya. Aka koma wai ka zuba jari a "kamfanin", ka kawo mutum uku, kuɗinka ya ninka cikin wata guda. Wanda ya ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da yadda CBEX ta yi a Afrilun 2025, ya san wannan waƙar. Ba saye, ba sayarwa, kuɗin na baya ake ba na gaba har ranar da masu shigowa suka yi ƙaranci. Allah Ya taimake ta ba ta shiga wannan ba, kuma ba ta jawo ƙawayenta ba. Bayan kwana biyu aka kulle guruf ɗin, sai masu shi kaɗai ke iya magana, sannan aka cire ta. Layin kuma a kashe.

Don Allah ku riƙe wannan. Baje kolin Kano da na Kaduna, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, KADCCIMA, ke shiryawa, duk suna da ofis da ma'aikata. Mai son rumfa ya taka da ƙafarsa, ko ya aika amintacce, ya biya inda aka nuna masa a ofishin, ya karɓi rasit. Duk mai shirya taron da ya ce yana da rajista, ku nemi cikakken sunan, ku duba a shafin hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Ko an same shi a can, rajistar CAC ba izinin karɓar jarin mutane ba ce. Wannan hurumin SEC ne, wato hukumar da ke kula da harkokin zuba jari, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi ga masu irin wannan harkar.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar, ya adana rasit da hirarrakin da aka yi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Ƙanwata sai da ta yi mako guda tana ɓoye mana, kafin mu je banki an riga an kwashe kuɗin.

Jiya wata maƙwabciyarmu ta nuna mini sanarwar a wayarta. An sauya sunan taron da launin takardar, amma hoton zauren nan bai sauya ba.